Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Ranar da jaririn ya cika kwana 15 aka ɗora shi a kan sikelin awo, ya nuna kilo 2.85. A katinsa kuwa kilo 3.2 aka rubuta ranar haihuwa. Kowane jinjiri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ba abin tashin hankali ba ne, amma yakan mayar da abinsa kafin ya wuce mako biyu. Wannan ga shi mako biyu sun shuɗe, ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma babu alamar juyowa.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai a gidanmu na Zariya ita ce uwar. Ƙanwata ce, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Tun tana budurwa Allah ya yi ta da cikar ƙirji, ciki kuma ya ƙara mata. Kafin ma ta sauka mata ke yi mata albishir cewa ɗanta da yunwa sai dai ya ji labari. Nonon kuma bai saɓa alkawari ba, ya zo har yana jiƙa riga. Yaron ba ya rabuwa da mama, daga hantsi har magariba yana manne. Duk da haka sai kuka, sai rama, fatar cinyarsa har ta fara tattarewa. To ina nonon yake tafiya?

Kowa a gidan da tasa amsar. Gwaggo ta ce nonon ne ke da ƙaiƙayi. Ta sa aka tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki, tururuwar ba ta fito ba. A wurinta magana ta ƙare, a cire yaro daga mama a sayo madarar gwangwani. Hajiya, surukar maijego, ta aiko cewa belu ne ya tokare masa maƙogwaro, a kira wanzami. Inna kuwa ta duba abin da ke cikin ludayin ta ce ya yi tsinkau-tsinkau kamar an sirka shi, don haka a ƙara wa maijego kunun kanwa ya yi kauri. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, ita ce mai nonon. Idan ta zauna shayarwa sai ka ga ta cije leɓe, idonta ya ciko, in an tambaye ta sai ta ce ba komai.

A ɗakin awo muka tarar da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, ungozoma ce ta asibiti, kowa Sista yake ce mata. Ta saurari duk zarge-zargen nan uku ba ta katse kowa ba. Sannan ta ce, “Inna, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu fara da yaron.”

Ta auna zafin jikinsa, ta ƙirga numfashinsa, ta duba idonsa da tafin ƙafarsa ko akwai shawara, ta duba cibiya da maɗiga. Ta sa safar hannu ta zura ƙaramin yatsa a bakinsa. Ganɗarsa a haɗe take, harshensa yana miƙowa har ya haura dasashi, babu linzamin da ya ɗaure shi, kuma ya cafke yatsan da ƙarfi yana zuƙa. Game da belu ta ce kowane ɗan Adam da shi ake haifarsa, ba ya hana haɗiya, yanke shi kuwa ba ya jawo wa jinjiri komai sai zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Sai ta juya ga ƙanwata. “Maijego, sau nawa yake fitsari daga safiya zuwa wata safiyar?”

“Uku, wani lokaci huɗu. Kuma ja-ja yake.”

“Kashinsa fa?”

“Kaɗan ne, kore-kore. Wani lokaci sai ya kwana biyu bai yi ba.”

Nan aka sami bakin zare na farko. Jaririn da ke samun isasshen nono, da zarar ya wuce kwana biyar, yakan jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin fari tas, kashinsa kuma ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa mai laushi. Abin da ke fita shi ke ba da labarin abin da ya shiga. Sista ta ce, “Yaronku ba ciwo ke damunsa ba. Yunwa ce.”

Gwaggo ta gyara zama, don a ganinta maganarta ce ta fito. Sista ta ce to yanzu a zo kan nonon. Ta tambayi ƙanwata ko ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, ko mabiyiya ta fita duka, ko tana da ciwon suga ko na maƙoƙo, domin waɗannan duka kan iya jinkirta zuwan nono ko su rage shi. Babu ko ɗaya. Ta wanke hannu ta ɗan matsa bayan baƙin da ya kewaye kan maman, nono ya yi tsartuwa ta kafofi da yawa. Ta ce wa Gwaggo cikin ladabi tururuwa ba ta iya shaida, ko a ruwan randar da kowa ke sha aka jefa ta tana iya nutsewa. Ta ce wa Inna nonon da ke fara fitowa dama haka yake, tsararo mai kashe ƙishirwa, maiƙon yana ƙaruwa ne yayin da maman ke raguwa. Yaron da bai daɗe yana zuƙa da kyau ba, ba zai kai ga mai kaurin ba ko da tukunya guda ta kunu uwar ta shanye.

A nan ya kamata a tsaya a kan abin da ya yaudari gidan gaba ɗaya, wato girman maman. Mafi yawan abin da ke bambanta babban nono da ƙarami kitse ne, kitse kuwa ba ya yin nono. Masu yin sa wasu ƙananan jakunkuna ne a ciki, waɗanda ke tura shi ta siraran hanyoyi zuwa kan mama. Tun 1840 da likitan Ingila Astley Cooper ya zana tsarin cikin nono, littattafan likitanci suka daɗe suna koyar da cewa akwai wasu ma'ajiyai a ƙarƙashin baƙin maman inda nono ke taruwa. Sai a 2005 masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Hartmann, suka leƙa nonon masu shayarwa da na'urar hoton ciki. Ba su ga waɗannan ma'ajiyai ba. Abin da suka gani hanyoyi ne da ba su da yawa, kimanin tara a kowane nono, suna kusa da fata, kuma matsi kaɗan yana rufe su. Wannan batu na ƙarshe, kamar yadda za a gani, shi ne rabin amsar da muke nema. Binciken wannan rukuni ya kuma nuna cewa mata sun bambanta a yawan nonon da ƙirjinsu ke iya riƙewa a lokaci guda, amma abin da uwa ke samarwa a yini yana bin yawan abin da aka cire ne. Mai ƙaramin nono tana ƙosar da tagwaye, mai babba kuma ɗanta na iya kwana da yunwa.

Yaro lafiya, nono lafiya kuma ga shi a wadace. Saura abin da ke tsakaninsu. Sista ta ja labule ta ce, “Ba shi in gani. Kada ki gyara komai saboda ni, yi yadda kika saba.”

Ƙanwata ta shimfiɗe yaron rigingine a cinyarta, ta sunkuyo da dukan jikinta a kansa. Kan mamanta ƙasa yake kallo, tudun nonon kuma ya tare mata gani, don haka da lalube take neman bakin yaron. Ta maƙale kan maman tsakanin yatsu biyu ta cusa masa. Da ya kama, sai ta ɗora manunin yatsa a saman nonon, daidai hancinsa, ta danna ya lotsa. Haka ta zauna a duƙe, kafaɗunta a ɗage.

Sista ta durƙusa ta kawo kunnenta kusa. Ta ce mu ma mu saurara. Ƙarar tsotso muka ji, cak-cak-cak, da sauri, kumatun yaron suna lotsawa ciki, amma babu ƙarar haɗiya. Bayan ɗan lokaci maman ya suɓuce, ya fasa kuka, aka sake cusa masa. Da Sista ta zura yatsa a gefen bakinsa ta cire shi, ta nuna mana kan maman. Ya fito a matse, ya baje gefe guda, da farin layi a tsakiya, kuma ga tsaga biyu da suka yi ɓawo.

“Tun yaushe yake miki zafi?”

“Tun kafin suna.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Cewa aka yi haka haihuwar fari take, in yi haƙuri.”

“Wannan yatsan kuma wa ya koya miki?”

Inna ce ta amsa. “Ni ce, Sista. Kin ga yadda Allah ya yi ta. In ba ta danna ba ai sai ya toshe masa hanci.”

Yanzu aka ga yadda abubuwa huɗu suka haɗu suka hana yaro abinci. Ba kan mama jariri ke tsotsa ba, nonon yake cika baki da shi, har kan ya kai can cikin ganɗa, harshe da muƙamuƙi su yi aiki a kan baƙin da ke kewaye. Yatsun nan biyu da ta maƙale kan da su sun tsaya daidai inda leɓunansa ya kamata su sauka. Nonon ya cika ya yi tauri har baƙin ya ɗame, ƙaramin baki ba shi da abin kamawa. Nauyin nonon, da yake babu abin da ya tallafe shi, yana janye kan daga bakin a hankali. Yatsan da ke danna sama kuma yana ƙara fizgo shi waje, yana kuma matse hanyoyin nan da ke kusa da fata. Yaron yana wahala yini guda a kan ɗigo-ɗigo, ya gaji ya yi barci, yunwa ta tashe shi.

Gyaran bai ci ko kwabo ba. Sista ta fara sa ta tatse kaɗan da hannu har baƙin maman ya yi laushi. Ta zaunar da ita ta jingina bayanta da bango. Ta naɗe ƙaramin tawul ta cusa a ƙarƙashin nonon, nan take kan ya ɗago yana kallon gaba. Ta ajiye filo biyu a gefenta, ta kwantar da yaron a kai, ƙafafunsa sun bi ta ƙarƙashin hammatar uwar zuwa baya, cikinsa manne da haƙarƙarinta, tafin hannunta yana tallafe da wuyansa da kafaɗunsa. A wannan zama, karon farko tun da ta haihu, ƙanwata ta ga bakin ɗanta a kan mama. Ɗaya hannun kuma aka mayar da shi can baya nesa da baƙin, yatsu huɗu a ƙasa, babban yatsa a sama, ta ɗan matsa nonon ya yi daidai da faɗin bakin, kamar yadda ake matsa gurasa mai kauri kafin a gatsa.

“Kada ki kai masa nono,” in ji Sista. “Shi za ki kawo wa nonon. Goga kan a hancinsa, ki jira.”

Yaron ya ɗaga kai yana nema, ya wangale baki. Ta jawo shi da sauri, haɓarsa ta fara nutsewa a nonon. Sista ta lissafa mana alamomi huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke koya wa ma'aikatan lafiya: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa tana taɓa nono, kuma baƙin da ake gani a saman bakin ya fi na ƙasa yawa. Inna ba waɗannan take kallo ba, hancin jikanta take kallo. Ga shi kuwa a sarari babu wanda ya danna komai, domin idan haɓa ta shige, kai ya ɗan koma baya, hanci da kansa yake ɗagowa. In ma ya yi kusa, ɗuwawun yaron ake ƙara jawowa jikin uwa, ba nonon ake lotsawa ba. Tsotson ya sauya, ya zama a hankali, mai zurfi, yana yi yana ɗan tsayawa, a kowane tsayawa kuma ana jin haɗiya. Ƙanwata ta ce, “Yaya, wallahi babu zafi.”

Saboda nauyin da ya riga ya zube, Sista ta ce bayan kowace shayarwa ta tatsi wani ta ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta, ba da bulumboti ba. Ta ce in ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya yi sauri, a kawo shi ko da tsakar dare ne. In ba haka ba a dawo bayan kwana huɗu. Muka koma gida da yaƙinin an gama.

Bayan kwana huɗu sikeli ya nuna kilo 2.9. Giram 50 kacal. Jaririn da ke cin abincinsa a waɗannan makonnin farko yakan ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a mako, wanda ke farfaɗowa daga yunwa ma yakan fi haka. Sista ta sake kallon shayarwar, babu abin gyarawa. Tsagar kan maman ta fara warkewa. Amma da ta shafa ƙasan nonon hagu sai ta ji wani ƙullutu mai tauri, ta kuma ga shatin rigar mama ya kwanta a fata, da jan ƙurji a ninkin da ke ƙarƙashi.

“Yaushe ya fi yi miki tauri?”

“Da asuba. Kamar zai fashe.”

Sista ta yi shiru. Nonon da ake sha cikin dare ba ya wayar gari haka. Ta ce, “Ƙirga min shayarwar jiya, ki bi ta da lokutan salla.” Ƙanwata ta ƙirga: bayan asuba, hantsi, kafin azahar, bayan la'asar, magariba, bayan isha. Shida. Jinjiri sabon haihuwa kuwa sau takwas zuwa goma sha biyu yake bukata a yini da dare.

“Daga isha zuwa asuba fa, a ina yake kwana?”

Inna ta sunkuyar da kai. “A wurina yake kwana. Tana da nauyin barci, ga wankan nan yana kashe mata jiki. Na taɓa jin wadda barci ya ɗauke tana shayarwa a kwance, aka wayi gari nono ya rufe wa yaron fuska. Ba zan iya ganin haka a gidana ba. In ya tashi sai in ba shi ruwan ɗumi da ɗan dauri, kin ga kuma zafin da ake yi.”

Ashe tsoro ɗaya ne ya haifi matsalolin biyu. Shi ya ɗora yatsa a kan nono da rana, shi kuma ya raba uwa da ɗa da dare. Sista ba ta yi wa Inna faɗa ba, kuma ina ganin a nan gwanintarta ta fi fitowa. Ta ce tsoron yana da tushe, uwa mai manyan nono da ta gaji tana iya yin barci a kan jinjiri, musamman a kan kujera mai laushi ko katifar da ke lotsawa. Amma maganin da aka yi masa ya fi ƙarfin cutar. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya cinye gurbin nono, ga haɗarin gudawa. Nonon uwa kuwa kusan kashi 87 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, ya ishe shi ko a zafin bazarar Zariya. Sinadarin da ke sa jiki yin nono ya fi tashi da dare. Nonon da aka bari a cike na tsawon sa'o'i kuma yana sanar da jiki ne cewa a rage aiki. Da an ci gaba a haka, da nonon da ke jiƙa riga ya ja baya da gaske, sai kowa ya ce ai dama an faɗa. Ƙullutun ma daga nan yake: cikar dare, nauyin da ke naɗe ƙasan nonon, da matsattsiyar rigar mama da take kwana da ita don ta rage mata ja.

“Inna,” in ji Sista, “ba raba ki da jikanki zan yi ba, aiki zan sauya miki. Ki dawo da shimfiɗarki ɗakinta. In ya motsa ki tashe ta. In a zaune za ta ba shi, ga filo ga tawul. In ta gaji ta kwanta a gefe a kan katifa mai tauri, katifar ta ɗauke mata nauyin nonon, babu filo ko bargo kusa da fuskarsa, ke kuma idonki biyu. Ya ƙoshi, ki ɗauke shi ki kwantar da shi rigingine a tasa shimfiɗar, cikin gidan sauro, kusa da ita.” Ta ƙara da cewa a daina ruwa da dauri, a nemo rigar mama ta auduga mai faɗin hannu wadda ba ta da ƙarfe, a riƙa ɗaga nonon yayin shayarwa don ƙasan ya zube, a wanke ninkin a tsane shi ya sha iska. In ƙullutun ya yi ja, ko zazzaɓi ya biyo baya, a zo asibiti, kuma ko a lokacin ba a daina ba yaro mama.

Bayan mako guda sikeli ya nuna kilo 3.15. Ƙullutun ya baje, nafkin ya fara ƙaranci a gidan saboda yawan wanki. Awo na gaba yaron ya haura nauyin haihuwarsa, kafin a yi arba'in kuwa wuyansa ya yi ninki.

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke shan nonon uwa zalla. An saba ɗora laifin a kan rashin sani, ana ta yekuwa a rediyo duk makon farko na Agusta cewa nono ya fi madara. Ƙanwata ta san haka, Inna ma ta sani, kuma babu wanda ke bukatar a tuna masa shekara biyun da aka ambata a Suratul Baƙara. Abin da ya kusa raba yaron nan da mama hukunci ne da aka yanke wa nono ba tare da kowa ya durƙusa ya kalli bakin jaririn ba. Wannan hukunci yana cutar da mata ta fuska biyu. Mai ƙaramin ƙirji ana karya mata gwiwa tun kafin ta fara, mai babba kuma ana ɗauka ba ta bukatar taimako, in abu ya lalace a ce nononta ne mugu.

Saboda haka duk gidan da jinjiri ke kuka a kan mama, kafin a nemo tururuwa ko wanzami ko gwangwani, a ƙirga fitsarinsa, a ƙirga shayarwarsa har da ta dare, a tambayi maijego ko tana jin zafi kuma a yarda da amsarta, sannan a kai shi awo. Ma'aikatan awon ciki su ma akwai nasu: macen da suka ga Allah ya yi mata cikar ƙirji, su nuna mata naɗin tawul da riƙon hammata tun cikin yana wata takwas, kuma su ce ta zo da wadda za ta yi mata zaman jego, domin ita ce za ta kasance a ɗakin da ƙarfe biyun dare.